Lamba Ɗari Da Sha Huɗu

"Yau na ga abin da ya hana ni cin abincin rana," in ji Dogo.

Yana zaune a kan kujerar da nake zaunar da amare idan zan yi musu kwalliya, ƙafafunsa har sun kai bakin ƙofar shagon. Ni kuwa ina wanke kayan aikina, ina satar kallon kuncina na hagu a madubi.

"Me ka gani, Nawa?"

"Wani gilashi aka kawo mini ɗakin gwaji. Irin ciwonki ne. Da na ɗora shi a na'ura na leƙa... Auta, ƙwayoyin cutar sun cika shi maƙil. Shekara shida ina wannan aiki, ban cika ganin haka ba."

"Na waye?"

"Kin san ba a rubuta mana suna, lamba ce kawai. Ɗari da sha huɗu." Ya girgiza kai. "Ko ma waye, ko dai ya gudu daga allura, ko yana shafa abin da aka hana shi. Wallahi tausayinsa nake ji."

Burushin da ke hannuna ya suɓuce ya faɗa cikin ruwan sabulu.

Katin asibitina yana cikin jakar da ke rataye a bayan kujerar da yake zaune. Ba sai na ciro shi ba. Na san lambar da ke jikinsa kamar yadda na san lambar wayata.

"Lafiya dai?"

"Sabulu ne, santsi."

"Ke dai kin yi ƙoƙari, kin daure kin gama naki. Dubi yadda ya kwanta. Ranar Asabar idan Umma ta zo ta gan ki, magana ta ƙare, sai sa rana."

Ya yi mini murmushin nan nasa da ke kashe mini jiki. Na mayar masa, ban ma san da wane baki ba. Wayata ta soma ruri a cikin jakar. Likita ce, karo na uku ke nan tun azahar, na bar ta ta gaji ta yanke.

Wata biyar ke nan da abin ya fara. Wani ɗan ƙurji ne ya fito mini kusa da kunne, kamar cizon sauro. Na rufe shi da hoda, tunda rufe irin wannan shi ne sana'ata. Ya ƙi tafiya. Ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta burma, gefensa ya tashi ya yi jawur, har ya kai faɗin murfin kwalba. Mai kwalliya da gyambo a fuska, ai abin ba a cewa komai. Amarya za ta shigo, ta kalle ni, sai ta tuna tana da wani uzuri a gida.

Dogo ne ya tasa ni gaba zuwa asibitin da yake aiki. Shekararmu biyu tare, kuma shi mutum ne da ko wasa ba ya iya yi da ƙarya. Ya kai ni wurin Likita, wata mata 'yar gajera mai tabarau wadda ba ta san zagaye-zagaye ba.

"Wani ɗan ƙuda ne da bai kai sauro girma ba ya cije ki," in ji ta, "ya bar ƙwayar cuta a cikin fatarki. Amma ki saurara da kyau. Ba ita kaɗai ke cin fuskarki ba. Garkuwar jikinki ta fusata, tana yaƙi ba ji ba gani, har tana ƙona naman da take karewa. Wannan kumburi da jan da kike gani, yawancinsu aikinta ne."

"Wato jikina ne ke cutar da ni?"

"Taimakonki yake, ya wuce gona da iri. Don haka magani biyu ne. Allura kullum har kwana ashirin, ita ke kashe ƙwayar cutar. Ga kuma na sha, sau uku a rana, shi zai lallashi garkuwar ta sassauta. Tare suke tafiya, kin ji? Idan kika kwantar da garkuwar ba ki kashe cutar ba, kin buɗe mata ƙofa ne. Sannan kada ki shafa komai a kai."

Ta miƙo mini kati mai lamba, ta kalli Dogo ta saman tabarau.

"Kada ki gaya wa wannan lambarki. Ba na so soyayya ta shiga idonsa idan yana duba gilashi."

Muka yi dariya duka. A lokacin abin da sauƙi yake a baki.

Asibitin da nisa, don haka a ƙaramin ɗakin shan magani na kusa da gidanmu ake mini allurar. Ban taɓa sanin ruwa ɗan mitsitsi zai iya karya mutum haka ba. Gwiwoyina suka yi tsami, kafaɗuna kamar an yi mini duka, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Hannuna ya soma rawa. Ni da nake jan gira a numfashi ɗaya, sai na goge sau uku. Gyambon kuwa yana nan jawur, yana kallona ina kallonsa.

Ana cikin haka labari ya kai kunnen Umma, mahaifiyar Dogo. Dangi suka ƙara masa gishiri, wasu suka ce kuturta ce, wasu suka ce irin wanda ke bin jini ne.

"Ban hana ka ita ba," abin da ta gaya masa ke nan. "Amma sai na ga ta warke da idona. Ba zan jawo ciwon da ban san kansa ba cikin jikokina."

Ta ba da wata guda.

Tun daga ranar na daina zama wuri ɗaya. In leƙa madubi, in koma in zauna, in sake tashi in leƙa, ko ya ragu a cikin minti biyar.

Ran allura ta takwas 'Yar Goggo ta shigo shagona, wai a gyara mata gira. 'Yar ƙanwar mahaifin Dogo ce, a kemis take aiki, kuma kowa a danginsu ya san ita aka so ya aura. Ni ma na sani. Amma ta zauna ta yi mini kallon tausayi, ni kuma a lokacin ko kare ya tausaya mini sai na yi kuka.

"Ayya, 'yar'uwa, haka abin ya zama? Kuma da wannan fuskar Umma za ta gan ki?"

Ta buɗe jakarta ta ciro wani ɗan man shafawa, ba kwali ba takarda.

"Na kwantar da kumburi ne, mai ƙarfi. Kwana uku za ki nemi jan ki rasa."

"Likita ta ce kada in shafa komai."

"Likitar ce za ta aure shi?" Ta taɓe baki. "Allurar nan ma, dubi yadda ta tsotse ki. Ko ciwon ya warke, a haka za ki fito gaban suruka, kamar an tono ki?"

Na karɓa.

Kwana uku kuwa, kamar yadda ta faɗa. Jan ya ɗauke, gefen ya kwanta, ciwon ya yi laƙwas. Na tsaya gaban madubi ina dariya ni kaɗai. Na ce a raina, tunda ya warke, azabar allura ta mece ce? Na daina zuwa. Na ci gaba da shan na sha ɗin, na ci gaba da shafawa safe da yamma, Dogo kuma ina ƙirga masa alluran da ba a yi mini ba. Ta sha biyu, Nawa. Ta sha bakwai. Ta ashirin, alhamdulillahi.

Da ranar komawa asibiti ta zo, Likita ta daɗe tana kallon wurin.

"Ina takardar da nas ke sa hannu?"

"Na manta ta a gida."

Ta kankari gefen ciwon, ta shafa a gilashi, ta rubuta lamba. Wannan gilashin ne ya hana Dogo cin abinci.

Bayan ya tafi ran nan na rufe shago da wuri. A gida na tarar da Yaya tana ninke kaya, na zube a gabanta na amayar mata da komai. Ta saki zanen da ke hannunta.

"Auta, kanki ɗaya kuwa?"

"Ki bar faɗa, Yaya, ki gaya mini yadda zan yi."

Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske.

"Ba a ganin komai. Idan kika ɗora hoda, ko ni sai an rantse mini. Kwana huɗu ne kawai. Ki yi shiru Asabar ta wuce, a sa rana, Litinin sai ki koma allurarki a ɓoye."

"Shi fa?"

"Shi me ya sani? Lamba ya gani."

Shawarar ta kwanta mini, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki man, na ajiye. Na sake ɗauka. Na fita tsakar gida, na dawo, na share ɗakin da aka riga aka share. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganarsa: tausayinsa nake ji. Yana tausayin baƙon da bai sani ba, ni kuma ina zaune a gabansa ina yaudararsa da murmushi. Ina son Dogo fiye da yadda nake son fuskata, amma sai ranar na gane haka.

Washegari da safe na tafi asibiti. Sau huɗu ina wuce tagar ɗakin gwaji ban tsaya ba. A na biyar na ƙwanƙwasa.

Ya leƙo, da farar riga da safar hannu, fuskarsa ta washe.

"Gimbiya da kanta? Me ya..."

Na tura masa katin ta ƙarƙashin tagar.

Ya karanta. Ya ɗago ya kalli kuncina, ya sake mayar da ido kan katin.

"Ba zai yiwu ba. Kin gama allurarki."

"Takwas aka yi mini."

"Kin ce ashirin."

"Na ce."

"Me kike shafawa?"

Na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Jiya na rantse wa Umma kin warke. Ban taɓa rantse mata a kan abin da ban gani da idona ba, sai a kan maganarki."

"Nawa, tsoro na ji... tsoron rasa ka."

"Ni gyambo ya taɓa korata? Wata biyar ina kallonsa, na taɓa kawar da kai?" Ya turo mini katin. "Je ki wurin Likita. Yanzu."

Ya ja tagar ya rufe.

Likita ta juya man a hannunta, ta jefa shi a kan tebur.

"Duk wanda ya san kemis ya san ba a ɗora wannan a kan irin ciwonki. Ya danne garkuwar da ke wurin gaba ɗaya. Kin ga ja ya tafi kin ɗauka sauƙi ne, alhali masu yaƙin ne suka kwanta, cutar tana ta hayayyafa a ƙarƙashi."

"Idan na daina fa?"

"Zai taso, ya fi da muni, kafin ya soma sauka. Allura kuma daga ta farko."

"Likita... ba za a iya jira Asabar ta wuce ba?"

"Fuskarki ce. Amma cutar ba ta san Asabar ba, kuma ga kunnenki nan kusa."

Na naɗe hannun rigata na miƙa wa nas.

Kafin Juma'a kuncina ya kumbura har yana jan idona. Ciwon ya buɗe, ya yi ja, yana tsatstsafo ruwa. Na kira Dogo sau tara bai ɗauka ba. Ko tari aka yi a ƙofar gida sai na miƙe tsaye.

Ranar Asabar Umma ta iso da hantsi, doguwar mace kamar ɗanta, mai ƙarancin magana. 'Yar Goggo ce ta rako ta, tana ta fara'a. Yaya ta biyo ni ɗaki da akwatin kwalliyata.

"Ko filasta ki manna, don Allah."

"Bar shi, Yaya."

Na fito haka, ba hoda ba filasta, na durƙusa na gaishe su. Fara'ar 'Yar Goggo ta ɗauke. Daga baya na ji cewa har da tsumman goge fuska ta taho a jaka, don ta tona ni a gaban Umma.

"An ce mini kin warke," in ji Umma.

"Ni na ce, Umma, kuma ƙarya na yi. Shi bai sani ba. Na gudu daga allura, na shafa wannan don ciwon ya ɓuya ki gan ni lafiya lau." Na ajiye man a gabanta. "Da niyyar in rufe ki na yi. Ga shi nan yadda yake."

"Wa ya ba ki?"

"Ita ta ba ni. Amma ni na shafa da hannuna, an kuma hana ni."

"Ni taimako na yi, Umma," in ji 'Yar Goggo da sauri. "Ban ce ta..."

Umma ta kalle ta sau ɗaya, 'Yar Goggo ta haɗiye sauran. Sannan Umma ta daɗe tana kallon kuncina, ba ta yamutsa fuska ba, ba ta kuma sake ta ba. Ta miƙe, ta yi wa mahaifiyata sallama, ta fita. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

Na ce shi ke nan, na rasa shi. Na yi kuka har gishirin hawaye ya shiga ciwon ya ƙara mini wani.

Litinin na je babban asibiti, don Likita ta ce daga yanzu a gabanta za a riƙa yi mini allura. A kan bencin ƙofar ɗakin na ga Umma zaune da jakarta a cinya.

"Na shiga wurin likitarki," in ji ta, ko gaisuwata ba ta jira ta ƙare ba. "Na tambaye ta abu biyu. Ana ɗauka a wurin zama tare? Ta ce a'a. Yana bin 'ya'ya? Ta ce a'a. Da tun farko ita na tambaya, da ban sa miki wa'adi ba." Ta gyara zama. "Ta nawa ce yau?"

"Ta shida, Umma."

"To. Zan riƙa zuwa ina ƙirgawa, tunda ke lissafinki ba abin yarda ba ne."

Haka kuwa aka yi. Kullum tana nan kafin ni. Idan gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, ita ke riƙe ni har bakin titi. Kumburin ya soma sauka a hankali, na gaskiya wannan karon, gefen ciwon yana motsowa ciki kaɗan-kaɗan. Dogo kuwa shiru. Wani lokaci nakan hango farar riga a ƙarshen baranda, kafin in juya sosai ta ɓace. Na kasa tambayar Umma, ita kuma ba ta taɓa ambatonsa ba.

Bayan ta ashirin Likita ta sake kankarar wurin, ta ce in jira sakamako. Umma ta ce za ta je ta dawo. Na zauna, na tashi, na ƙirga tagogin barandar, na koma na zauna.

Wani ya zauna a gefena. Dogo ne, ba farar riga a jikinsa.

"Yau ba ka aiki?" na tambaye shi.

"Na san lambar, ba ni da ikon duba gilashin. Abokin aikina ke dubawa." Yana kallon ƙasa, ƙafarsa tana ta rawa. "Ashe haka masu jira ke ji."

"Nawa, ka yafe mini."

"Na yi fushi, Auta. Har yanzu da saura."

"Na sani."

"Amma ni ma da laifina. Kullum ina ce miki idan kin warke, idan kin warke. Na sa kin ɗauka sai da lafiyayyar fuska zan karɓe ki."

Nas ta fito ta miƙo mini takarda a ninke. Na kai hannu zan buɗe, ya dafe ta.

"Tsaya. Ina so in faɗa tun ban san abin da ke ciki ba. Mun yi magana da Umma, iyayena maza za su zo gidanku jibi. Mako guda muke so a sa. Ko me takardar nan ta ce."

"Ko da ta ce..."

"Ko me ta ce, Gimbiya."

Hawaye suka hana ni ganin rubutun, sai shi ya karanta. Ƙwayoyin cutar sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba. Likita ta rubuta a ƙasa cewa in huta kwana biyu, a duba jinina da zuciyata, sannan a ƙara allura goma.

Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa.

"Goma ce kawai," in ji shi. "Tashi mu je ki ci abinci."

Ranar da aka sa, an ɗaura mana aure da safe, da filasta a kuncina. Da azahar mijina ya kai ni aka yi mini allura ta bakwai.